Motocin BRT na Legas: Tambayoyin da Baƙo Ke Yi da Amsoshinsu

Wanda ya sauka Legas daga Arewa, ko a motar dare ko a saman tirelar tumatir da ta shigo kasuwar Mile 12, abu na farko da ke ɗaure masa kai shi ne gosulo. Na biyu kuwa shi ne wata doguwar bas mai launin shuɗi da ke wucewa fuu a gefe, alhali kowa yana tsaye cik yana fifita da hannu. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda 'yan uwa sababbin zuwa suka fi yi mini game da ita, a majalisa ko a teburin mai shayi.

Mece ce BRT, kuma da me ta bambanta da sauran motocin haya?

Haruffan taƙaitawa ce ta wani suna na Turanci da ke nufin safarar jama'a cikin sauri da motar bas. Yawancin mutane motar suke kira BRT, amma asalin abin hanyar ce. An yanki wani sashe na titi, aka katange shi da dogon dakalin kankare, aka ce babu mai bi sai waɗannan motoci. Idan ka ɗauke motar ka jefa ta cikin sauran ababen hawa a Ojota da ƙarfe bakwai na safe, ta zama kamar kowace mota, sai ma ta fi danfo, wato ƙananan bas ɗin haya masu launin ruwan ɗorawa, nauyin jiki don ba ta iya kurɗawa. Idan kuwa tana cikin layinta, tafiyar da ke cin awa biyu ko fiye a gosulo tana iya yin ta cikin ƙasa da rabin haka.

Sauran bambance-bambancen daga wannan suka fito. Tana da tashoshinta, ba ta tsayawa don wani ya ɗaga hannu. Kuɗinta a yanke yake, ba a ciniki, kuma ba ya hawa don an yi ruwan sama ko don magariba ta yi jama'a sun taru. Babu kwandasta mai rataye a ƙofa yana kiran sunan unguwanni. Dabarar ba a Legas aka ƙirƙiro ta ba. Birnin Curitiba na ƙasar Brazil ne ya fara a 1974, sannan Bogota ta Kolombiya ta faɗaɗa ta a shekarar 2000 har duniya ta kwaikwaya.

Yaushe aka fara ta, kuma wa ya kawo ta?

Ranar 17 ga Maris, 2008 aka buɗe layin farko, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, amma shirin ya faro tun mulkin Bola Tinubu, wanda a lokacinsa aka kafa LAMATA, hukumar kula da sufurin birnin Legas, a 2002 da tallafin Bankin Duniya. Layin ya tashi daga Mile 12 ya bi titin Ikorodu, ya ratsa Ojuelegba, ya haye gadar Eko, ya ƙare a CMS da ke tsibirin Legas, tsawon kilomita 22. Shi ne irinsa na farko a Afirka kudu da Sahara. Johannesburg ta biyo baya a 2009, Dar es Salaam a 2016, Dakar kuma a 2024 da motoci masu amfani da lantarki.

An yi shi ne da araha, kusan dala miliyan 1.7 kowace kilomita, abin da bai kai ko kusa da na Bogota ba. Arahar tana da dalili. Kusan kashi 65 cikin ɗari na hanyar ne kawai aka katange, kashi 20 fenti aka shafa a kwalta, sauran kuma motar na cuɗanya da kowa. Duk da haka, a shekarun farko tana ɗaukar kusan mutum 200,000 a rana.

Kafin nan ma gwamnati ta sha gwada motocin haya nata, suna tashi suna mutuwa. Jirgin ƙasa na cikin gari da Gwamna Lateef Jakande ya ƙaddamar a 1983, gwamnatin soja ta soke shi a 1985. Shekaru ashirin da suka biyo baya na molue ne, wato manyan tsofaffin bas ɗin haya, da danfo.

Daga ina zuwa ina take tafiya?

Manyan hanyoyin da aka katange biyu ne. Ta farko ita ce ta titin Ikorodu, wadda a Nuwambar 2015, zamanin Gwamna Akinwunmi Ambode, aka ƙara mata kilomita 13.5 daga Mile 12 har cikin garin Ikorodu. A wannan sabon sashe layin a tsakiyar titi yake, ana hawa gadar masu tafiya a ƙasa kafin a isa tasha. Daga Ikorodu za ka wuce Agric, Majidun, Owode Onirin, Mile 12, Ketu, Ojota, Maryland, Anthony, Palmgrove, Fadeyi, Costain, har CMS da dandalin TBS.

Ta biyu ita ce ta Oshodi zuwa Abule Egba, kusan kilomita 14, wadda Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya buɗe a Agustan 2020. Tana bi ta Ikeja Along, Mangoro, Dopemu, Iyana Ipaja da Ile Epo. Mazauna Agege wannan ce ta fi kusa da su.

Akwai kuma manyan bas masu yawa da ke zuwa Obalende, Ajah, Berger, Yaba da sauransu daga manyan tashoshi irin na Oshodi da Ikeja. Jama'a duk BRT suke ce musu, saboda launi ɗaya ne, kati ɗaya ne. Sai dai su ba su da keɓaɓɓen layi a yawancin tafiyarsu, gosulon da ya kama danfo shi ke kama su. Baƙo ya riƙe wannan, don kada ya yi alƙawarin ƙarfe tara a Lekki yana taƙama da cewa BRT zai shiga.

Motocin na gwamnati ne?

E da a'a. Hanyar da tashoshin na gwamnatin jiha ne. LAMATA ce ke tsara hanyoyi, ta ba kamfanoni izinin aiki a kansu, ta gindaya musu sharuɗɗa, ta sa ido. Ita kanta ba ta tuƙa mota. Masu tuƙawa kamfanoni ne: su ke ɗaukar direbobi, su sayi man dizal, su yi gyara, su wanke motoci a garejinsu da dare.

Yadda aka fara ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan wayon yake. Titin Ikorodu gonar ƙungiyar direbobi ta NURTW ce tun fil azal, kuma duk wanda ya san Legas ya san ba a ƙwace wa 'yan tasha abinci a kwana lafiya. Maimakon a kore su, sai aka ce su kafa ƙungiyar haɗin gwiwa, aka taimaka musu suka samu rancen banki suka sayi motoci ɗari na farko, suka zama su ne masu gudanar da BRT. An mayar da ɓarawon kaza mai gadin akurki, kamar yadda wani abokina ke zolaya, amma dabarar ta yi aiki: an buɗe layin ba tare da an zubar da jini ba. A gefensu akwai jajayen motocin LAGBUS, kamfanin da gwamnati ke da hannu a ciki.

Bayan wasu shekaru motocin farko suka tsufa, gyara ya yi ƙaranci, da yawa suka kwanta a gareji. A 2015 aka miƙa hanyar Ikorodu ga kamfanin Primero, wanda ya shigo da sababbin motoci 434 ƙirar Yutong daga ƙasar Sin, masu na'urar sanyaya iska. Gwamnati kuma ta kafa nata kamfanin, LBSL, wanda ya fara aiki a 2019 da motocin da aka sayo ƙarƙashin shirin Ambode na sake fasalin sufuri. Ambode ya yi niyyar kawo bas 5,000, kashin farko 820 ne. Yau akwai wasu ƙananan kamfanoni ma da aka ba hanyoyi. Saboda haka idan kana da ƙorafi kan direba, kamfaninsa daban, hukumar da ke sa masa ido daban, kuma lambar da ke rubuce a jikin motar ita ce abin da za a fara tambayarka.

Yaya ake biyan kuɗi?

Da kati. Sunansa Cowry, wato wuri, irin kuɗin da kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwar Kurmi kafin zuwan sulalla. An shigo da shi a 2020 ya maye gurbin tikitin takarda. Kana saye a tasha, ka ba wakili kuɗi ya loda maka, ko ka loda ta manhajar waya. Idan za ka shiga sai ka manna shi a jikin na'urar da ke bakin ƙofa, ta yi ƙara, ka wuce. A hanyoyin da ake lissafi da nisa, ka sake mannawa lokacin sauka, in ba haka ba kuɗin ƙarshen hanya za a cire maka ko da a tsakiya ka sauka. Katin nan guda yana aiki a jirgin ƙasa na jiha da jiragen ruwan gwamnati.

Wanda bai taɓa shiga danfo ba ba zai gane daɗin wannan ba. Makon farko da na zo Legas na ba wani kwandasta dubu ɗaya a kan tafiyar da ba ta kai rabin haka ba. Tun a tasha yana ihu da Yarbanci cewa kowa ya shigo da canjinsa, ni ban ji ba. Da muka isa, sai ya kamo hannuna ya haɗa da na wata mata mai kwandon kifi, ya damƙa mana takardar kuɗi ɗaya ya ce mu je mu raba, motar ta ja. Mutanen gari aure suke kiran wannan. Muka yi ta bin masu sayar da ruwa da masu gyaɗa muna neman canji, ita tana yi mini faɗa da yaren da ba na ji, ni ina ba ta haƙuri da yaren da ba ta ji, har wani mai goro ɗan Sakkwato ya raba auren.

Nawa ne kuɗin mota, kuma wa ke yanke shi?

Ya danganta da nisa, kuma yana canzawa, don haka allon tasha ya fi kowa gaskiya. Abin da ba ya canzawa shi ne mai yankewa: gwamnati ce, ta hannun LAMATA, da amincewar gwamna. Kamfani ba shi da ikon ƙara ko naira ɗaya da kansa.

Bayan cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, gwamnatin jiha ta rage kuɗin da rabi daga farkon Agusta. Bayan 'yan watanni rangwamen ya koma kashi 25 cikin ɗari, daga baya ya ƙare. A Fabrairun 2025 kuma aka yi ƙarin kashi 18. A mafi yawan hanyoyi har yanzu ta fi danfo sauƙi, musamman da yamma lokacin da kwandastoci ke ganin jama'a sun matsu su ninka farashi.

To me ya sa layin jira yake da tsawo haka?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace zafi, kuma mai yin ta yawanci ya taɓa tsayuwa a tashar Ikorodu da asuba, ko a TBS bayan la'asar, yana kallon layin mutane ya nannaɗe kamar igiyar guga.

Dalili na farko yanayin garin ne. Aiki da kasuwa suna tsibiri da Ikeja, gidajen da talaka ke iya haya suna can bayan gari. Da safe kowa ya nufi wuri ɗaya, da yamma kowa ya juyo. Motar da ta cika maƙil daga Ikorodu zuwa CMS za ta dawo kusan wayam, tana ƙona dizal babu mai biya. Da rana tsaka kuma motoci sun fi fasinja yawa. Kamfanin da zai sayi isassun motoci don awa uku na safe da awa uku na yamma, sauran yinin zaman banza za su yi, alhali bashin banki bai san zaman banza ba.

Na biyu lissafin kuɗi ne. Motocin daga waje ake sayo su, kayan gyaransu ma haka, da dala. Man dizal ba ya cikin tallafi tun tuni, kuma a 2022 farashinsa ya ninka fiye da sau biyu. A 2023 darajar naira ta faɗi warwas. Kuɗin da fasinja ke biya kuwa naira ce, kuma sai gwamna ya yarda yake motsawa, shi kuma gwamna yana duban fushin jama'a. Idan abin da ke shigowa bai kai abin da ke fita ba, wurin da kamfani ke fara tsuke hannu shi ne gyara. Mota ta lalace, a ajiye ta, a ciri kayanta a gyara wata. Na'urar sanyaya iska ta mutu, a bar ta, ga tagogin ba a yi su don buɗewa sosai ba. A takarda motoci ɗaruruwa ne, a kan titi ba su kai haka ba.

A manyan biranen duniya da bas ke aiki yadda ya kamata, irin su Landan, hukuma ce ke karɓar kuɗin fasinja, ta biya kamfani gwargwadon kilomitar da ya yi da kuma kiyaye lokaci, ta cike giɓin daga asusun gwamnati. Ra'ayina shi ne muddin ana so kuɗin mota ya zauna ƙasa, to dole wani ya biya bambancin a fili, a cikin kasafin kuɗi. Idan ba a biya da kuɗi ba, fasinja ne ke biya da ƙafafunsa a layi.

Na uku shi ne sassan da ba a katange ba. Mota ɗaya ta maƙale a hawan gadar Eko, sai biyar su taru a bayanta, su iso tasha a tare bayan an yi rabin awa babu ko ɗaya.

Zan iya shiga da kaya?

Jaka ko ƙullin da za ka ɗora a cinya, babu mai hana ka. Buhun albasa ko kwandon tumatir daga Mile 12 kuwa, nemi danfo ko akori-kura. Ko an bar ka ka shiga, fasinjojin da ke tsaye ba za su bar ka ka sha iska ba.

Ana wa'azi ko talla a ciki?

An hana. Wanda ya saba da molue, inda mai maganin basir ke sauka mai wa'azi ya hau, zai ji motar shiru kamar ɗakin jarrabawa. Wani lokaci akan samu mai ƙarfin hali ya gwada, fasinjoji ne ke fara tsawata masa.

Idan mutum ya shiga layin BRT da motarsa fa?

Laifi ne a dokar sufuri ta jihar. Jami'an LASTMA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar, masu kaya ruwan ɗorawa da ja suna kamawa, a ja motar, a ci tara mai nauyi. A Yulin 2012 Gwamna Fashola da kansa ya tare wani kanar na soja yana tuƙi a layin a tsibirin Legas, hoton ya cika jaridu. Amma abin da ya sa labarin ya yi suna shi ne ba kullum ake ganin irinsa ba. Masu kaki da masu jiniya har yau suna kutsawa, direbobin danfo kuma suna bin bayansu idan sun ga babu ido. Duk motar da ta shiga, mintunan mutum saba'in da ke cikin bas ɗin bayanta take ci.

'Yan uwa masu babur da masu tura baro su kula ta wata fuskar. Motar da ke cikin layinta a guje take zuwa, kuma direban ba ya tsammanin kowa a gabansa. Tsallaka titin Ikorodu ta ƙasa alhali ga gada, ban da kamu, ganganci ne da rai.

Shin danfo za su ɓace?

Gwamnatoci sun sha faɗa, danfo kuma suna nan. Molue dai an hana su shiga tsibiri tun 2013, kuma sun kusa ƙarewa. Danfo ba haka ba ne, domin su ke ɗaukar mafi yawan masu hawa motar haya a Legas, suna shiga lungunan da babbar bas ba za ta iya juyawa ba, kuma dubban gidaje daga su suke ci, tun daga direba har agbero, wato ɗan kamashon da ke bin mota da gudu yana karɓar kuɗin tasha.

Abin da ya fi taɓa mutanenmu shi ne acaba. A 1 ga Yunin 2022 aka hana babur na haya a ƙananan hukumomi shida, Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Mainland da Lagos Island, daga baya aka ƙara wasu huɗu har da Kosofe inda Mile 12 take. Matasa da yawa daga Arewa da Nijar sun rasa sana'a, wasu sun rasa baburan. Gwamnati ta ce ƙananan bas da ta ƙaddamar a Mayun 2021, masu kai mutum daga bakin unguwa zuwa babbar tasha, su za su cike gurbin. Ana ganinsu a wasu unguwanni, amma a da yawa Keke Napep da ƙafa ne ke wannan aiki.

Akwai tsaro a ciki?

Idan aka gwada da motocin da ba a san mai su ba, musamman waɗanda 'yan fashi ke shigar burtu da su a matsayin motar haya, ta fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba: motar tana da lamba, direban yana da rajista. Sai dai a Fabrairun 2022 wata budurwa 'yar shekara 22 ta shiga ɗaya daga cikin manyan bas ɗin da dare daga yankin Lekki za ta Oshodi, bayan kwanaki aka tsinci gawarta. An kama direban, kuma a Mayun 2025 kotu ta yanke masa hukuncin kisa. Lamarin ya girgiza garin. Mace ko namiji, idan dare ya yi ka ga motar babu fasinja, ko fitilun ciki a kashe, jira ta gaba. A cunkoson tasha kuma waya ta koma aljihun gaba.

Motocin su ma sun sha wuta. A tarzomar da ta biyo bayan zanga-zangar EndSARS a Oktoban 2020, an ƙona gommai a tashoshin Oyingbo da Berger, kuma fasinjoji sun daɗe suna jin raɗaɗin wannan asara a tsawon layi.

Tunda jirgin ƙasa ya zo, BRT za ta ci gaba?

Za ta ci gaba, domin ba hanya ɗaya suke bi ba. Shuɗin layi, daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13, ya fara ɗaukar fasinja a 4 ga Satumban 2023. Jan layi, daga Agbado zuwa Oyingbo ta Agege, Ikeja, Oshodi da Yaba, ya fara a Oktoban 2024. Dukansu LAMATA ce ke kula da su. Titin Ikorodu kuwa ba shi da jirgi, bas ce kawai, sai kuma jirgin ruwa ga mai zuciyar ratsa tafkin. An tsara ne mutum ya sauka daga wannan ya hau wancan da kati guda, kamar a Ikeja da Oyingbo inda tashar jirgi da ta bas ke maƙwabtaka.

Ni baƙo ne, gobe zan je tsibiri daga Mile 12. Me zan yi?

Sayi kati yau da rana, lokacin da babu cunkoso, ka loda kuɗin zuwa da dawowa har da ɗan ƙari. Gobe ka yi sallar asuba ka fita, kada ka tsaya shan shayi. A tasha ka tambayi wane layi ne na CMS ko TBS, domin layukan mutane sukan zama fiye da ɗaya, kuma na masu yarda su tsaya a tsaye ya fi na masu neman kujera saurin tafiya. Idan ba ka san inda za ka sauka ba, faɗa wa na kusa da kai sunan wurin tun daga Fadeyi, zai taɓa ka idan an iso. Dawowa kuma, in da hali, ka baro tsibiri kafin ƙarfe huɗu.